Agogon Leontine

Shekara arba'in da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Firmin, amma ban taɓa shiga kicin ɗinsa ba sai matarsa tana ciki. Ita matar, Leontine, ita ce ƙawata. Shi kuwa daga gaisuwa sai faɗa a kan kajina da ke tsallakawa lambunsa. Ranar da na fara shiga bayan rasuwarta ma ba zumunci ne ya kai ni ba, na je mayar masa da kurjet ɗin da ya jibge mini a bakin ƙofa ne.

In watan Agusta ya kama a ƙauyenmu, ba mai barin tagar motarsa a buɗe, don kafin ka dawo wani ya cusa maka kurjet a kujera. Wannan ƴar doguwar kabewa ba ta san ya isa ba. Ka tsinke biyar yau, gobe ka tarar da takwas. Leontine kaɗai ce ban taɓa jin ta yi kuka da yawanta ba. Gindi goma sha biyu take shukawa, ta yanka ta adana a firiza, har watan Maris suna ci kamar jiya aka tsinko. Allah ya jiƙanta, ina kewar matar nan.

Na sami Firmin zaune ya zuba wa tebur ido, wando ya yi masa yawa har ya huda wa bel sabon rami.

"Firmin, an ce maka bola ce ƙofata? Ni ma tawa ta ishe ni."

"Ki kai wa kajinki, Odile. Ni me zan yi da ita? Ran sha biyar ga wata Solange za ta zo ta kwashe ni."

Solange ita ce ƴarsu tilo, tana aiki a birnin Lyon. Ashe da ta zo hutun Ista ta ga yadda ya rame, ta buɗe firji ta tarar daga burodi sai cuku, shi ne ta nema masa ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita. Ta ce mutumin da ba ya iya ciyar da kansa ba zai ƙara yin hunturu shi kaɗai ba. Saura kwana tara.

"To kai me ya hana ka ci? Bara ba ka cika firiza ba?"

"Na cika mana. Leda arba'in. In na dafa sai ta koma ruwa tsululu, ga wani ɗaci-ɗaci, ga launi kamar tsumman goge ƙasa. Kuma wallahi yadda take yi haka na yi."

Na ajiye kwandona na ce ya nuna mini. Ya wanke guda huɗu, ya yanka su zagaye-zagaye da kaurin yatsa, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya ɗauki kwano ya sauka ɗakin ƙasa inda firizar take, ya dawo da ƙanƙara, ya juye a roba, ya zuba ɗanyar kurjet a ciki. Sannan ya dube ni kamar ɗan makaranta mai jiran yabo.

"Ina tukunyar?" na ce.

"Wace tukunya?"

"Ta tafasasshen ruwa, bawan Allah! Shekara arba'in kana kicin ɗin nan ba ka ga tururi ba?"

"Na gani. Na ɗauka wankewa take da ruwan ɗumi. Ni ƙanƙara ake aike na, ba kallo ba."

Sai na zauna. Na tuna wata safiya, Solange tana jaririya, Leontine tana ba ni labari tana dariya har da hawaye. Agogon kicin ɗinta ne ya tsaya a shekarar. Ita kuma kurjet minti uku take so a tafasasshen ruwa kafin a tsoma ta a ƙanƙara, in ba haka ba, in ji ta, ko a firiza ci gaba take da tsufa. Shi ne ta lura in ta aiki Firmin ɗakin ƙasa, ya sauka matakala goma sha huɗu, ya fasa ƙanƙara, ya tsaya ƙwanƙwasa gangar giyarsa ya ji ko ta ragu, ya hauro, minti uku ne cif. Daga nan ta daina neman mai gyaran agogo. Da ya juya baya sai ta zuba a tukunya, da ta ji takunsa a matakalar ƙarshe sai ta tsame. Shi ya sa take ba shi ƙaramin kwano, ta aike shi sau goma kafin azahar, yana tafe yana mita.

Na faɗa masa duka. 

"Ni na ɗauka korata take don na cika surutu," ya ce.

"Har da wannan. Tashi mu gwada."

Na ɗora ruwa ya tafasa, na zuba, ya ɗauki kwano ya sauka. Na tsaya da matsami a hannu ina sauraro. Shiru. Can na ji takunsa, ɗaya, hutu, ɗaya, hutu. Kafin ya iso kurjet ta narke ta zama fate. Ya leƙa tukunyar, ya ajiye kwanon a hankali.

"Agogon ya lalace, Odile. Solange ta yi gaskiya."

Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ne ya ɓata shi. Na ce, "Kai dai ragon banza ne! Gwiwa ce ta tsufa, hannunka da bakinka lafiyarsu ƙalau." Na tsallaka gida na ɗauko ɗan agogon da nake dafa ƙwai da shi, na dangwara masa a tebur. Na sa ya hauro da ƙanƙara bokiti guda tun kafin a kunna wuta.

Kwana takwas muka yi muna aikin nan. Kaɗan-kaɗan ake zubawa don kada tafasar ta mutu. Minti uku a wuta, uku a ƙanƙara, a shanya a kan tsumma mai tsabta har ruwan ya tsane, a jera a faranti su daskare daban-daban, sannan a zuba a leda a matse iskar. Kullum da rana sai ya dafa ta jiya da tafarnuwa da man zaitun, in tsaya a kansa har ya share faranti. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga.

Ran sha biyar, bayan an taso daga coci, Solange ta iso da kwalaye a bayan mota.

"Baba, kada mu ja magana. Gwaggo Odile, ke ma kin san gaskiya nake faɗa."

Bai ja ba. Ruwa na tafasa, ya zuba kurjet da kansa, ya miƙa mata ƙaramin kwanon uwarta.

"Sauka ki ɗebo mini ƙanƙara."

Ta dube shi, ta dube ni, ta sauka. Ni kuwa na murɗa agogon ƙwai a ɓoye cikin aljihuna. Muka ji ta buɗe firiza, sai kuma shiru. Na san abin da ta gani: leda talatin da shida a jere, kore shar, kowace da kwanan wata da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. A samansu ga guda ɗaya da ya ƙi ci shekara biyu, mai rubutun Leontine.

Firmin yana tsaye da matsami, ya karkata kunne. Da takunta ya iso matakalar ƙarshe sai ya tsame, a daidai lokacin agogon ya ɗau ƙara a aljihuna.

"Minti uku cif," ya ce. "Irin na ubanki a da."

Idanunta sun yi ja. Ta juye ƙanƙarar a roba, ta ɗauki yanka ɗaya ta ciza, muka ji ƙarar ƙurus.

"Wannan ƙanƙarar ba za ta isa ba, Baba."

"Na sani. Sai ki koma."

Sau bakwai ta sauka ranar, yana ba ta labarin agogon guntu-guntu tsakanin aike da aike. Da yamma ta ce za ta dawo farkon Nuwamba da ma'auni, in nauyinsa ya ragu ko da kilo ɗaya ne za ta tafi da shi, ba ruwanta da roƙo. Kwalayen da ta kawo don kwashe kayansa kuwa, da kurjet muka cika mata su har baki, ta tafi da su Lyon.