Hayaƙi Mai Ƙanshin Na'a-na'a

Tun da jirgin ya tashi Baban Likita yake laluben aljihunsa. Ya taɓa na ƙirji, ya taɓa na wando, ya sake komawa na ƙirjin kamar abin zai tsiro. Sigarin lantarkinsa yake nema, ɗan siriri mai batir, wanda ya saya a ɓoye bayan ya rantse wa matarsa da 'yarsu a gadon asibiti cewa shi da hayaƙi sai dai na girki. Ba sha zai yi a jirgi ba, yana da hankali. So kawai yake ya ji abin na nan.

Maman Likita na gefen taga, ta kafa wa gajimare ido kamar an ba ta gadinsu. Ta tambaye shi ko ƙaiƙayi yake ji, ya ce tikiti yake dubawa. Ta ce ai ga shi a hannunta, ta mayar da kanta taga.

Wani mutum a bayansu ne ya fara cewa yana jin ƙauri. Kafin a ce me, wani siririn hayaƙi ya soma zurarowa daga ma'ajiyar kayan da ke saman kansu. Nan fa wuri ya yamutse, masu salati na yi, masu miƙewa na yi, wani bawan Allah har ya rungume jakarsa ya nufi ƙofa, sai ka ce akwai inda za shi.

Ma'aikatan jirgin kuwa ko gezau. Ɗaya ta tashe su ta matsar da su gaba, ɗaya ta ɗauki waya tana sanar da matuƙi. Babbarsu, wata doguwa mai muryar malamar firamare, ta zo sanye da safar hannu, riƙe da tukunyar kashe gobara. Ta buɗe murfin ɗan kaɗan, ta fesa, ta rufe. Da ta sake leƙawa sai ta tambayi mai koren jaka.

Jakar Maman Likita ce. Baban Likita ya dube ta, ita kuma ta dubi takalminta.

"Mama, akwai abu mai batir a ciki?" in ji ma'aikaciyar. Ta yi bayani da sauri cewa in batir ne ruwa za su yi ta kwarara masa har ya huce, in ba haka ba zai sake kamawa. In kuwa wayoyin jirgin ne ke ci ta bayan jakar, ruwa ɓarna zai ƙara.

Maman Likita ta ce ita dai zannuwa ta zuba, sai makullan gida.

A daidai nan hancin Baban Likita ya kawo masa labari. Ƙarƙashin warin roba akwai wani ƙanshi da ya sani sarai, na na'a-na'a. Ashe ba faɗuwa abin ya yi ba. Matar nan ce ta caje masa riga yana wanka, ta cusa shi cikin makullai, su kuma suka danne maɓallin suka ƙi saki. Haushi ya kama shi, sannan tsoro ya bi baya, don 'yar tasu ce za ta tarbe su, kuma ita ba ta iya faɗa da hayaniya ba, kuka take yi. Ya fi son a zage shi a tsakiyar kasuwa da ya ga wannan kukan.

Hayaƙin ya sake kunno kai ta gefen murfin, ya fi na ɗazu duhu. Wata mata ta rufe fuskar jaririnta da mayafi.

"Akwai batir," ya ce. "Sigarin lantarki ne. Nawa ne."

Ma'aikaciyar ko kallonsa ba ta tsaya yi ba. Aka yi ta miƙo gorunan ruwa, har da lemon da za a raba wa fasinjoji, ana tuttulawa a kan zannuwan Maman Likita. Da abin ya daina huci, ta ciro shi da safar hannu ta nutsar a kwandon shara na ƙarfe cike da ruwa, aka sa mutum gadinsa. Daga baya ta zo ta yi wa Baban Likita godiya, ta ce ba kowa ke faɗa ba. Bai taɓa jin godiya mai ɗaci irin wannan ba.

Aka ba su wasu kujerun a can baya. Shi yana shirya jawabi a kan masu binciken aljihun mutane, ita kuma ya san tana da nata a kan masu rantsuwa, kuma nata ya fi tsawo.

Da jirgin ya fara sauka ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Me za mu gaya wa yarinyar nan?"

Ya ce, "Caja ce ta kama."

"Cajar wa?"

"Taki mana. Ai jakarki ce."

Ta juyo ta ƙare masa kallo tsaf. Sannan ta miƙo masa tafin hannunta a buɗe.

"Na yarda tawa ce. Ba ni ɗayan sigarin da ke cikin safar ƙafarka."