Kujerar Auta a Kife

Yayana kafinta ne, kuma duk layinmu babu mai hannunsa. Amma kada ka kuskura ka faɗa masa haka. Shekara goma sha biyu ina zaune a bakin shagonsa ina karɓar masu saye, na ga abin da yabo yake yi masa. Zai fara sosa ƙeya, ya yi tari, sai ya sunkuya ya ɗauki kujerar da aka yaba ya kife ta a ƙasa.

"Ai ba ka duba nan ba," zai ce. "Ka ga ƙusar nan? Ta karkace. Nan kuma katakon ya so ya tsage, gam na cusa."

Mutum ya shigo da fara'arsa, ya fita yana tunanin ko kujerar za ta kai wata guda. Akwai wani tsohon direba da ya yabi teburin cin abinci, Yaya ya ja shi ƙarƙashin teburin, su biyu a durƙushe kamar masu neman allura, har bawan Allah ya ce bari ya je ya yi shawara da iyali. Shawarar ake yi har yau. Idan kuwa aikin wani kafintan aka kawo gyara, ko da ƙafa uku yake tsaye, sai ka ji Yaya yana cewa, "Kai, wannan ya iya aiki." Shi a ganinsa tawali'u ke nan. Ni a ganina ciwo ne, kuma na sha faɗa masa.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gama karatu ta dawo shago, shekara biyu tana riƙe masa zarto tana goge katako. Sai wani kamfani ya ba ta aikin ofis, aka ce ta kai amsa ranar Litinin ta ƙarshen wata. Ba ta son aikin. Ta same ni ta ce, "Gwaggo, kujera ɗaya zan yi ni kaɗai, tun daga yanka har shafe. In Baba ya ce ta yi, na zauna. In bai ce ba, na sa takalmi mai tsini na tafi."

Sati uku ta yi a kanta. Da ta gama ta ajiye ta a gaban shago. Yaya ya zagaya kujerar sau biyu, ya ce, "To," ya koma kan aikinsa.

Ranar Asabar wata likita ta shigo, tana neman kujerun ɗakin jira na ƙaramin asibitin da za ta buɗe. Ta wuce duk kujerun Yaya ta zauna a kan ta Auta, ta jingina, ta lumshe ido.

"Malam, wannan kujera ta san bayan mutum. Ban taɓa zama a irinta ba."

Na ga hannun Yaya ya nufi ƙeya. Na yi gyaran murya, na yi masa ido, na kusa jifansa da biro. Ina! Likita na tashi ya kife kujerar. Ya duba, ya shafa, ya sake dubawa. Bai sami komai ba, sai ya ƙirƙiro.

"Ƙafar bayan nan ta ɗan fi 'yar'uwarta gajarta. Aikin gaggawa ne, ranki ya daɗe, maneji kawai."

Likita ta ce to za ta yi tunani. Auta tana tsaye a ƙofar ciki, garin katako har gira. Ta cire rigar aikinta, ta ninke ta da kyau, ta ajiye a kan benci, ta fita. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Yaya, ka san aikin wa ka kife?"

"Na sani mana. Ai shi ya sa. Kin taɓa ganin na kushe aikin bare? Namu ne, ba za mu tsaya muna yabon kanmu ba."

Wato a lissafinsa lambar girma ya ba ta. Na ce masa lambar girman nan ce za ta kai yarinyar ofis ranar Litinin, shi kuma ya zauna ya ci gaba da kife kujeru har tsufa, ba mai miƙo masa guduma. Ya ɗauki rigar da Auta ta ninke yana juya ta.

Na buga wa likita waya na roƙe ta ta dawo. Lahadi kuwa makaranta na buɗe wa Yaya. Na sa ya zuba hannu biyu a aljihu, ina yabon benci, ina yabon ƙofa, shi yana maimaita "na gode". Kalma biyu, amma sai ka ce maganin ɗaci nake ɗura masa. Sau shida yana ƙarawa da "amma dai", sau shida muna komawa farko.

Litinin da safe Auta ta shigo yi mana sallama, da jakar ofis da takalmin nan mai tsini, tana tafiya kamar ƙasa ba tata ba. Likita ta riga ta iso, tana zaune a kan kujerar.

"Malam, na sake zama, ni dai ban ji gajartar nan ba. Kujerar nan ta yi."

Yaya ya cusa hannu a aljihu har ɗinkin ya yi ƙara. Gumi ya feso masa a goshi.

"Na gode," ya ce. "'Yata ce ta yi ta. Gajartar da na faɗa ƙarya ce, na auna jiya sau uku. Ni ban taɓa yin kamarta ba."

Likita ta miƙe ta juya ga Auta. "Ke kika yi wannan? Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Na kalli Auta ina jiran ta yi murna. Sai na ga hannunta ya nufi ƙeya. Ta yi tari. Ta ajiye jaka, ta sunkuya da takalminta mai tsini, ta kife kujerar.

"Ai ba ki duba nan ba, likita. Wajen haɗin nan..."

Yaya ya tsaya yana kallonta, yana ganin abin da ya yi shekara ashirin yana koya mata ba tare da ya sani ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ya zare hannu daga aljihu, ya karɓi kujerar, ya tsayar da ita a kan ƙafafunta huɗu.

"Auta, bar ta haka. Ce mata kin gode."