Burkutu Ko Ruwan Inabi

Shekara ta biyu da fari, mutanen Gangara suka cinye irin shukarsu. Mata na tona gidajen tururuwa suna sheƙe ƙasa don tsabar gero. Uwar Saudatu ma tana cikinsu, duk da ɗiyarta malamar makaranta ce.

Sai labari ya zo cewa wani Bature a Maraɗi yana raba iri. Alhaji Na'Allah, kansila daga Isa, ya ɗinka sabuwar riga, ya bi gari yana sallama wai za shi ƙasar waje, ko da yake gwaggonsa a Tsibiri, nan gefen Maraɗi, take aure. Ya ɗauki Malam Kassimu don addu'a. Ya ɗauki Saudatu don dole, ita kaɗai ke jin Faransanci. Ta san halinsa. Dawar agajin bara a zaurensa ta kwana, aka wayi gari ta rame.

A hanya direba ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi, Baturen nan ba ya sa hannu a takardar iri ga baƙon da ya ƙi abin shansa.

Da azahar Baturen ya zaunar da su cin abinci, ya ce takarda sai an ƙoshi. Kuku ya ajiye tulun burkutu da kwalbar ruwan inabi. Baturen ya yi bayani, Saudatu ta fassara.

"Ya ce wannan na ƙasar nan ne, wancan na ƙasarsu. Kowa ya zaɓa."

Alhaji ya dubi Malam. Malam ya dubi rufin ɗaki.

"Malam, mi littafi ya ce?"

"Duk biyun haramun ne, Alhaji."

"Na sani! Wanne ya fi dama-dama?"

"Ba a auna wuta da mudu."

"To, ba an yi wa matafiyi sauƙi ba? Salla ma rage ta mukai."

Malam ya ce shi bai ga inda aka rage wannan ba, amma bai tashi daga kujera ba, don an riga an kawo zabi. Alhaji ya ci gaba da shari'a shi kaɗai. Burkutu abin talakawa ne, warinsa kuma sai ya raka mutum har kasuwar Isa. Na kwalba kuwa abin manya ne, ga shi ja. Ko ya ɗiga a riga, zoɓo ne. Ya rufe ido, ya ambaci talakawan da yake fansa da ransa, ya kurɓa. Ya ɓata fuska, ya sake kurɓa don ya tabbatar.

Babu wanda ya tambayi Saudatu sai Baturen. Tun zamansu take jin ƙanshin tsiron dawa daga tulun. Ta tambayi kuku dawa nawa tulun ya ci. Ya ce tiya uku.

"Na zaɓi burkutu," ta ce da Faransanci, tana duban Baturen ido cikin ido. "Amma a ba ni rabona tun yana dawa. Uwata tana ƙwacen abinci a bakin tururuwa."

Kunnen Baturen ya yi ja. Ya ce shi bai taɓa tilasta wa kowa ba, ga randa can cike da ruwan sanyi, ba wanda ya nema ne kawai. Ya sa aka kawar da tulun, ya jawo takarda ya sa hannu.

Saudatu ta fassara wannan ma, a hankali, ba ta rage ko kalma ba. Malam ya nemi ruwa da babbar murya. Alhaji ya zauna da kofi a hannu, saura kaɗan a gindinsa.

Da aka gama lodi suka kama hanya. Sun wuce iyaka kafin Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malama, ɗiyata, abin da munka gani can ƙasar waje, can za shi zama, ko?"

"Baba Alhaji, ni mantuwa gare ni. Amma sai na ga iri ya sauka Gangara take kama ni."

"A'a, Isa za mu fara, a ƙidaya, a rubuta."

"To, Isa za ni kwana ke nan. Gobe ma akwai suna gidan limamin Isa, mata za su so jin labarin tafiya."

Alhaji ya juya wajen Malam. Malam ya ce shi in an tambaye shi ba ya ƙarya.

"Ke 'yar boko, ba ki da kunya?"

"Na ci ta bara, Baba, da dusa."

Motar ta yi ta gurnani cikin rairayi. Da suka iso mararraba direba ya rage gudu, ya waiwayo. Alhaji ya tauna goro na uku, ya hura numfashi a tafin hannu ya shinshina.

"Mi kake kallo? Karya Gangara."