Tsagar Faifan Yaya

Yayana ba ya leƙo wurin aikina sai da dalili, ran nan kuwa har da lemo ya riƙo min. Ina ganin ledar na san sa hannuna yake so.

Shi ne shugaban masu gyara a tashar wutar lantarki. Ni kuma a ɗakin gwajin ƙarafa nake, in gasa ƙarfe, in ja, in saki, har in ga inda zai gaji. An gano wata 'yar tsaga, ba ta kai silin gashi ba, a jikin faifan da ke juyawa cikin babban injinsu, aka kashe injin. Faifan na gaurayen nikel ne, irin wanda ke jure wutar da za ta sa baƙin ƙarfe ya langaɓe. Manyansa sun ce masa ko dai injin ya tashi ƙarshen wata, ko a nemo wanda zai iya aikin. Ba kuwa za a tayar da shi ba sai na sa hannu cewa faifan zai jure.

Na riga na yanki guntu daga wani tsohon faifai irinsa, na tsaga bakinsa, na sa a tanderu. Na'ura ta yi ta ja tana saki da sauri-sauri, yadda muka saba, tsagar kuwa da kyar take motsi. Sakamakon ya yi kyau, har na ɗauko biro.

"Ai na gaya miki, Auta," in ji Yaya, yana ɓare min lemon kamar ba shi ne mai ƙwace min nama muna yara ba. "Lallaɓa injin nan muke yi. Kunnawa da kashewa ke gajiyar da ƙarfe, ko ba haka kuka koya mana ba? To mu mun daina. In muka kunna, sai ya yi makonni yana aiki ba hutu."

Na ajiye biron.

"Makonni a cikin wannan zafin, da cikakken nauyi a kansa?"

"Ƙwarai."

"To ba zan sa hannu yau ba."

Na yi masa bayani yana ta huci. Su suna ƙirga sau nawa aka kunna, ni ma abin da na gwada ke nan. Amma idan ƙarfen nan ya daɗe a ɗame cikin zafi, bakin tsagar a buɗe yake zama, iska ta samu lokacin shiga tana cin mahaɗar ƙwayoyin ƙarfen. Sai tsagar ta riƙa tafiya ko ba a kashe injin ba.

"Wato ni za ki gwada wa boko? Ni da na biya miki kuɗin jarrabawa?" Ya kwashe sauran lemonsa ya fita. Wallahi har da ledar.

Raina ya ɓaci, amma taurin kai a gida ɗaya muka gada. Na yanki sabon guntu, na saita na'urar ta ja ta riƙe, ta daɗe kafin ta saki. Gwajin ya ci kwanaki. Mama ta kira ni ta ce me ya haɗa ni da ɗan'uwana, na ce ƙarfe. Ta ce to ƙarfen ne ya goya ni? Na koma gaban tanderu ina leƙen tsagar ta 'yar tagar gilashi.

Ranar da Yaya ya dawo, ko sallamar kirki bai yi ba. Guntun ya riga ya rabe biyu tun da safe. Na sa masa shi a madubin ƙara girma, kusa da na farko. Na farkon fuskarsa sumul. Wannan kuwa duk ya yi duhu, ya yi burji-burji kamar dunƙulen sukari da aka fasa.

Ya daɗe yana kallo. Yaya ya san ƙarfe, ba sai na ƙara komai ba.

"Yaushe namu zai fashe?"

"Ban sani ba, Yaya. Shi ya sa ba zan sa hannu ba. Su wa ke tsayawa kusa da shi?"

"Yarana. Da ni."

Ya ciro wayarsa, ya juya ta a hannu, sannan ya kira ɗaya daga cikin manyansa. "Ku sauke faifan," ya ce. Daga inda nake ina jin mutumin yana ɗaga murya, yana cewa gobe Yaya ya kawo makullan ofis. Yaya ya ce to, ya kashe.

Ya dube ni, idonsa jajir. "Ke za ki gaya wa Mama."

"Zan gaya mata."

"Ki ce mata ni na kira su da kaina."

Na cire rigar aiki, na kashe tanderun, muka tafi tare.