Damin da Baba Ya Ƙi Karɓa

Ni malamar Turanci ce a wata sakandare cikin Mubi, kuma duk kalmomin da ke cikin ƙamus babu wadda na tsana kamar *camp*, wadda mutanenmu suke kira kamp. Duk shekara in muka zo darasin kalmomi masu ma'ana da yawa sai na tarar da ita zaune a cikin misalan littafi, kamar da gayya aka sa ta. Da can nakan tsallake ta in ɗauki wata. Bana na ce ƙarya ne, sai na koyar da ita, tunda babu ma'anarta ko ɗaya da ba ta bi ta cikin gidanmu ba.

Ina yarinya na fara jin ta. A lokacin kamp shi ne inda matasan coci suke tafiya da hutu, su kwana a ajin firamare a Maiha, su yi waƙa har murya ta dushe, su dawo da sababbin ƙawaye da kwarkwata. Da na gama karatu na tafi bautar ƙasa, sai kamp ya zama wurin da soja ɗan ƙanƙani yake yi wa mai digiri tsawa. Lokacin zaɓe kuma ka ji ana tambayar mutum kamp ɗin wa yake, wato tuwon wane ɗan siyasa yake ci. Duk waɗannan da dariya muke faɗinsu.

Dariyar ta ƙare a ƙarshen Oktoban 2014, ranar da 'yan bindiga suka shigo gari. Muka bazama da ƙafa wajen iyakar Kamaru, ni da mahaifina Baba Dawuda da maƙwabta. Autanmu Destiny, mai gyaran waya a kasuwa, ya ce bari ya koma ya kulle shago, yanzu zai cim mana. Daga baya wani ya ce ya gan shi a bayan mota tare da wasu samari, an yi da su wajen kamp ɗin 'yan bindigar a daji. Iyakar abin da muka ji game da shi ke nan har yau.

Mun dawo a farkon shekara ta gaba. Gida yana nan, ƙofofi ne babu. Baba yana da gona a hanyar Bahuli, doguwa, ta gangara har bakin mayo, wato rafi, gadon kakansa ce, kuma da dawarta da gyaɗarta aka yi mana kuɗin makaranta. Amma a shekarar ko fartanya bai iya kallo ba. Zama yake a ƙofar gida yana duban hanya.

A harabar cocinmu kuwa ga mutane zube, waɗanda aka ƙone ƙauyukansu can wajen duwatsu, ba su da inda za su koma. Mai magana da yawunsu wani ne Aaron, dogo, mai sanyin murya, wanda ya binne matarsa a hanya. Shi ya zo ya durƙusa gaban Baba ya roƙi aron gonar, su kafa bukkoki a sama su noma sauran. Baba bai ko bari ya gama ba ya ce su je. Ni ma ban hana ba, don duk wanda ya ga yaran da ke tare da su ba zai hana ba.

To, aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida. In kaka ta yi, mai aro zai ɗauko damin dawa guda ya kawo ƙofar mai gona da rana tsaka, maƙwabta suna gani, mai gona kuma ya karɓa da hannunsa. Ba haya ba ce, dami ɗaya wa zai ƙosar? Shaida ce kawai cewa ƙasar tana da mai ita. Sannan mai aro ba ya dasa itace, don itace na mai zama ne. Ko yaron goye a unguwarmu ya san wannan, kuma a ƙauyen su Aaron ma haka ake yi.

Da kaka ta yi sai ga Aaron da dami a ka, wasu dattawa biyu na biye da shi. Ya sauke a gaban Baba.

"Baba, ga na gona. Allah ya saka."

Baba ya dubi damin, ya dubi wuyan Aaron da ya rame kamar na zakara, sai ya girgiza kai.

"Ɗauka ka mayar wa yara. Ni ba zan karɓa ba."

Na ja shi gefe cikin zaure, raina a ɓace. Na ce, "Baba, ka karɓa a gaban mutane. In an watse ni da kaina zan kai musu ta bayan gida, har da ƙari."

Ya ce, "Dorathy, wataƙila yanzu haka wani yana ba Destiny abinci a wani wuri. In na karɓi dawa daga hannun mai yunwa, da wane baki zan roƙi Allah?"

Aaron ya ɗauki daminsa ya tafi.

Shekara ta zagayo. Kafin nan wata ƙungiya ta zo ta raba tamfol, ta haƙa rijiyar burtsatse, ta kafa allo a bakin hanya da aka rubuta kamp a kai. Tun daga ranar babu mai cewa gonar Dawuda. Mai keke Napep ma in ka ce masa gonar Dawuda sai ya tsaya yana kallonka, amma ka ce kamp, tuni ya tayar. Aaron ya zama ciyaman ɗin kamp, ya yi ƙiba, ya sayi babur. Ya zo ya ce wa Baba rana tana dukan yara, ko zai yarda a sa 'yan mangwaro don inuwa? Baba ya ce inuwa ai ba a hana ta. Na yi magana, aka ce na cika zargi.

Kaka ta biyu Aaron ya sake kawo dami. Wannan karon ba dattawa biyu ya zo da su ba, rabin kamp ya kwaso, ya kuma tsaya gaisawa da maƙwabtanmu ɗaya bayan ɗaya sai da kowa ya fito. Baba ya sake cewa a mayar wa yara. Aaron ya ce, "Baba, ka tabbata?" da ƙarfi yadda na bayan layi zai ji. Baba ya ce ya tabbata. A nan na ga mutumin bai ji kunya ba, daɗi ya ji.

Sannu a hankali hanya ta buɗe, mutanen kamp suka fara komawa ƙauyukansu. Wasu sun zo sun yi wa Baba sallama da hawaye, kuma ba zan ci haƙƙinsu ba, mutanen kirki ne. Aaron bai tafi ba. Inda tamfol yake sai ga bulo, sai ga kwano, sai ga 'yan'uwansa daga wani gari suna auna fili da igiya.

Bana, da gajimare ya fara haɗuwa, Baba ya tashi wata safiya ya wasa fartanyarsa. Na yi murna har cikin raina, don tun tafiyar Destiny ban ga ya kama wani abu da niyya ba. Muka tafi tare. Ya gaya wa Aaron cewa ƙarfinsa ya dawo, zai noma gonarsa, gidajen da aka gina kuma su zauna, ba ya korar kowa.

Aaron ya cire hula cikin ladabi ya ce, "Baba, wane gona?"

Maganar ta kai mu gaban mai unguwa, Jauro Bobboi, wanda tare suka yi kiwon awaki da Baba suna yara. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da hantsi, jama'a ta cika. Abin da ya fi ƙona mini rai har gobe shi ne Aaron bai yi ƙarya ko ɗaya ba.

Ya ce, "Jauro, ni na san al'ada. Na kawo dami, Baba ya ƙi. Na sake kawo, ya ƙi, kowa a nan ya gani. Na tambaye shi a kan itace, ya ce in sa. A wurin mu wanda ya ƙi dami ya bar ka ka sa itace, kyauta ya ba ka. Ni na gode masa, kullum ina masa addu'a."

Jauro ya juyo ga Baba, kuma na ga yana nema masa ƙofar fita.

"Dawuda, ka tuna da kyau. Ko sau ɗaya, ko zangarniya ɗaya, ba ka taɓa cira daga damin ba?"

"Ban cira ba."

"Ko 'yarka ta karɓa a madadinka?"

Na buɗe baki zan ce na karɓa, wallahi da na faɗa, sai Baba ya ɗora hannu a gwiwata.

"Ba ta karɓa ba. Ni na hana."

"Mangwaro fa?"

"Ni na ce a sa."

Jauro ya gyara zama. Sannan ya ce ba shi ya kafa al'adar nan ba, gadonta ya yi, kuma da ita ya raba rigimar gonaki tun kafin a haife ni. In ya karya ta yau saboda abokinsa, gobe duk hukuncin da ya taɓa yi zai warware. Gona ta Aaron ce.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce to a gaya wa yara daga yau, duk wanda ya ga mai yunwa ya fara ƙwace abin da ke hannunsa kafin ya taimake shi, tunda tausayi laifi ne a unguwar nan. Na ce wa Aaron da yawa, har da waɗanda ba su dace da bakin malama ba. Jauro ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malama, kina iya zuwa kotu. Amma kotu ma ni za su kira su tambaya, kuma abin da na gani shi zan faɗa." Baba kuwa ya ce shi ba zai tsaya gaban alƙali da mutumin da suke cin jibin Ubangiji a coci ɗaya ba.

Bayan kwanaki Aaron ya zo gida, wai zuciyarsa ba ta ba shi ya ga tsoho zaune ba gona ba. Akwai ɗan yanki can ƙasa, bakin mayo, in Baba yana so zai ba shi aro. Na ɗauko tsintsiya na fara shara a gabansa don ya gane. Amma Baba ya ce ya gode, ya karɓa. Da na tasa shi da faɗa bayan tafiyar mutumin, cewa ya yi hannunsa bai san wata ƙasa ba, kuma in Destiny ya dawo bai same shi a gida ba, can zai fara nemansa.

Ran Juma'ar da ta wuce na yi darasin. Na rubuta kalmar a allo, na jera wa ɗalibai ma'anoninta: wurin kwanan matafiya, sansanin soja, ɓangaren siyasa, matsugunin 'yan gudun hijira. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani, don da yawansu sun kwana a ɗaya daga ciki. Sannan na gaya musu asalinta, cewa daga Latin ta fito, kuma can farko ba ta nufin komai sai fili, buɗaɗɗen fili shimfiɗaɗɗe, irin wanda ake nomawa. Daga baya ne sojoji suka riƙa sauka a irin filayen, sai sunan ya bi su. Ko kamfen da 'yan siyasa ke yi daga tushen nan yake. Suka kwafa da kyau. Ni kuwa alli ya karye a hannuna, na ce su yi karatu, na fita waje na tsaya.

Washegari Baba ya gama yankan dawarsa. Ta yi kyau, ƙasar bakin mayo ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya zaɓi manyan zangarniyoyi ya ɗaure dami, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Na ce ya bari in ɗauka, ya ce ba haka ake yi ba, mai aro shi ke ɗauka. Na bi shi a baya, tsoho da dami a ka, yana hawa gangaren da kakansa ya share.

Aaron yana zaune a benci ƙarƙashin mangwaro, ya riga ya tara maƙwabta, har da waɗanda ke can nesa da hanya. Baba ya sauke damin a gabansa ya ce, "Ga na gona." Aaron ya miƙe ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga shi sama ya juya dama da hagu sai da kowa ya gani, sannan ya sa aka shigar da shi ciki.

Muka kamo hanyar komawa. Sai da muka kusa gida Baba ya tsaya ya kakkaɓe ƙaiƙayin da ya zuba masa a wuya.

Ya ce, "Dorathy, baɗi ki tuna mini da wuri, kar ya ce mun makara."