Ramar Iya Mairama

Rana ta take tsaka lokacin da Mujitaba ya kai fartanya kusurwar ƙarshe ta bayan gidan. Tafin hannunsa ya yi bororo, ƙugunsa kamar ba nasa ba. Ya tattara ciyawar da manjagarar aro, ya tula ta a gindin katanga.

Tun da aka ba da hutun makaranta yake zaga gidajen Kiru yana neman aikin nome ciyawa da gyaran lambu. Galibi dariya ake yi masa, wai wane gida ne babu yara? Sai jiya Alhaji Sunusi, wani ma'aikaci a Kano, ya kira shi a waya saboda gidan mahaifiyarsa.

"Ka nome komai, ƙasa nake son gani. Macizai nake jiye wa tsohuwa. In ka yi da kyau ka turo hoto, zan haɗa ka da abokaina."

Yana sharce gumi ya ji tsayawar acaɓa. Iya Mairama ce, mahaifiyar Alhaji, ta dawo daga gidan suna. Ta shigo da sallama, ta leƙo bayan gida, ta yi turus.

Ya durƙusa. "Sannu da dawowa, Iya."

Ta taka a hankali zuwa tulin, ta zaro wani tsiro mai jan kara, ta kakkaɓe ƙasar saiwarsa.

"Yaro, wa ya sa ka?"

"Alhaji ne, Iya. Ya ce ciyawa ta..."

"Wannan rama ce. Daga garinmu na taho da irinta a bakin zane, shekarar da ruwan madatsar Tiga ya ci garin. Kowace damina nake shukawa. Bana ban rage ko ƙwaya ba."

Ya san rama sarai, amma tun hantsi idonsa ya daina bambance ganye, burinsa kawai ya gama.

"Ki yafe mini, Iya. Wallahi ban lura ba."

"Ba laifinka ba ne," ta ce. Ta zauna dirshan a ƙasa da kayan unguwarta, ta shiga tsince ramar ɗaya bayan ɗaya.

Wayarsa ta yi ƙara. Alhaji ne. Mujitaba ya dubi filin, fes, babu ko tsinke, irin aikin da zai kawo masa gidaje. Ya dubi tsohuwar. Ya bar wayar ta yi ta kuka har ta gaji.

"Iya, in aka mayar za ta kama?"

"Wadda saiwarta ba ta tsinke ba, wataƙila. In an ba ta ruwa kafin rana ta ƙarasa ta."

Ya ja numfashi, ya miƙe da ƙyar.

"Ina guganku yake?"