Shirin Bankwanan Baba

Ƙaramar fitilar da ke bayan kwamfutar, daidai inda kebul yake shiga, ta mutu murus. Injiniya ta zare kebul ɗin, ta hura ramin, ta mayar. Fitilar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ga shi ta wannan kebul ne murya take fita daga ɗakin shiri ta isa na'urar watsawa a bayan gari. Kuma yau ne mahaifinta yake shirinsa na bankwana, bayan ya tsufa a gaban makirfon gidan rediyon nan.

Ita ta jawo, da kyakkyawar niyya kuwa. Da safe ta sabunta manhajar kwamfutar don kada wani abu ya kawo cikas a ranar Baba. Sabuntawar ta zo da sabon kanel, wato ginshiƙin da komai na kwamfutar yake tsaye a kansa. Gab da fara shiri wuta ta ɗan ɗauke, kwamfutar ta sake tashi a kan sabon, shi kuwa ya ce bai san direban kebul ba, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da kebul ɗin. Da wani ne, sai ya koma kan tsohon kanel a wuce wurin. Amma Injiniya mace ce mai tsabtar masifa, ko cokali ɗaya ba ta bari ya kwana ba a wanke ba. Tun da safe ta share tsohon, wai yana cin wuri.

Manaja ya leƙo yana haki. "Ke Injiniya, me ke faruwa? Rediyon ofis huci kawai yake yi!"

"Yanzu zai dawo, ranka ya daɗe."

"Tsohon ya sani?"

"Bai sani ba. Don Allah kada ka shiga."

Ta cikin gilashin da ya raba ɗakunan tana hango Baba, har ya fara. Idonsa a rufe kamar kullum, hannu ɗaya a kan kunne, yana jero gaisuwa ga direbobin tasha da masu jinya a asibiti. Muryar tana fitowa ta ƙaramar lasifikar teburinta, kuma iyakarta ke nan a duk faɗin garin.

Abin haushin, sai an shiga intanet ake sauko da direban, intanet ɗin kuma ta kebul ɗin nan yake zuwa. Ta fizgo igiyar caji daga jaka, ta jona wayarta, ta ara wa kwamfutar data. Direba ya sauko. Ta ba da umarnin a girka shi, sai allon ya cika da jan rubutu: babu fayilolin da sabon kanel yake bukata kafin ya karɓe shi. Ta sa su ma su sauko. Layin saukowar ya riƙa jan ciki, dogon hannun agogon bango kuma har ya cinye fiye da rabin shirin.

Can sai ta ji Baba ya katse gaisuwar. Da ya dawo, ba da muryar aiki ya dawo ba.

"Jama'a, ina da 'ya," in ji shi. "Tana nan bayan gilashi. Tun tana ƙarama take kwance mini rediyo, in zo in tarar da hanjinsa a kan tabarma, in yi ta faɗa. Yanzu kullum in na buɗe ido satar kallonta nake, in ce a raina, wai ni na haifi wannan? Ba barin makirfo ne yake damuna ba. Gilashin nan zan yi kewa."

Baba bai taɓa ce mata ko sannu da aiki ba. Idonta ya ciko har rubutun allo ya narke, ga daɗi, ga takaicin cewa ba wanda ya ji. Ta goge da gefen gyale, ta ga fayilolin sun gama sauka, ta sake ba da umarnin. Wannan karon babu jan rubutu. Ta leƙa bayan kwamfutar, sai ga fitilar tana ƙifta kore, daga ofis kuma Manaja ya kwala ihu.

Ta ɗaga wa Baba babban yatsa. Ya gyara zama, ya dawo da muryar da gari ya sani, ya gode wa masu sauraro a ɗan lokacin da ya rage, ya nemi gafara, ya rufe shiri.

Da ya fito yana naɗe takardunsa, ta tsaya a bakin ƙofa kanta a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini. Kusan duk shirin bai fita ba. Har abin da ka faɗa ɗazu."

"Na sani," ya ce, yana neman hularsa. "Ranar bankwanana, a ce wayar masu sauraro ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba? Da yana fita, ai da ban faɗa ba."